Wasiƙa Zuwa ga Masu Gyaran Firji na Garki

'Yan'uwa masu sana'a, iyayen gida da yaranku masu koyo, na Kasuwar Garki da na Area 1 da Area 10, har zuwa Garki ƙauye. Ina yi muku fatan alheri da buɗi.

Na rubuto ne a kan wata al'ada da ta yi wa sana'ar nan katutu. Da zarar an ce firji ba ya sanyi, kafin a juya bayansa, kafin a fito da mita daga jaka, sai a yanke hukunci cewa gas ya ƙare. A ɗura sabo, a karɓi kuɗi, bayan 'yan makonni mai kaya ya sake kira. Wannan mai kayan kuwa mun san shi. Ita ce baiwar Allah mai zoɓo da kunun aya da ke aika wa ma'aikatan ofis, shi ne mai ruwan leda, da mai kaji da kifi da jarinsa duka ke cikin firiza ɗaya. Akwai kuma mai ciwon sukari da allurarsa ke buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8. Kwana ɗaya ba sanyi, asarar ta wuce kuɗin gyara nesa ba kusa ba.

Kun fi ni sanin cewa gas ɗin firji ba kamar na girki ba ne da ake ƙonawa yana raguwa. Yana zagaye ne cikin bututu a rufe, shekara da shekaru. In ya ragu, to akwai inda yake zuba. Wanda ya ɗura bai toshe ba, bai yi gyara ba, ya ɗage wa mai kaya matsalarsa ne kawai. Sau da yawa ma gas ɗin lafiyarsa ƙalau, laifin yana wani wuri.

Ku fara da wuta. An ƙera firjinmu don bolt 220 zuwa 240. Idan wuta ta zo ba ƙarfi, ko an ɗora firiza a kan ƙaramin janareta, kwamfreso zai yi gurnani yana son tashi, bayan 'yan daƙiƙoƙi a ji ƙas, na'urar kariyarsa ta yanke. Ƙwan cikin firji yana nan a kunne, shi ya sa mai kaya zai rantse muku cewa akwai wuta. Ku auna a daidai lokacin da kwamfreso ke ƙoƙarin tashi, don a nan ne gaskiya ke fitowa. In wutar ta cika amma gurnanin bai daina ba, ku cire rile ɗin da ke maƙale a jikin kwamfreso ku girgiza. In kun ji ƙaras-ƙaras a ciki, ya farfashe. Abu ne mai araha, amma kwamfreso da yawa masu rai an yi musu jana'iza saboda shi. Wannan yana ci mini rai, domin kuɗin sabon kwamfreso kan cinye ribar watanni ta ƙaramin ɗan kasuwa. Ku kuma gaya wa mai kaya cewa in an ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, a bar firji ya huta minti 3 zuwa 5 kafin ya sake tashi. Sitabilaiza mai jinkiri tana yin wannan da kanta.

Sai zafi da ƙura. Firji ba ya ƙirƙirar sanyi, zafin ciki yake kwasowa ya fitar ta baƙin bututun da ke bayansa ko ta jikin gefensa. A shagunan kasuwa wuri ya yi kaɗan, sai a manna shi da bango, a jibga kwalaye a kai, ƙurar hunturu ta lulluɓe bututun, sannan zafin Maris da Afrilu ya sauko a kan kwanon rufi. Ta ina zafin zai fita? Buroshi da ɗan jan firjin daga bango sun warkar da da yawa. Ku duba takardar da ke manne a jikinsa: harafin T na nufin an yi shi don zafin da ya kai digiri 43, ST don 38, N kuwa 32 kacal. Firjin gwanjo da aka yi don gidajen Turai yakan zo da N. Irin wannan, a shagon Garki a watan Afrilu, ko an ɗura masa gas sau goma wahala zai yi ta sha. Ku faɗa wa mai shi gaskiya.

Duba robar ƙofa ba ya ɗaukar lokaci: a saka takarda a rufe, in ta zare ba turjiya, iska na shiga. Ku tambaya kuma ko ana zuba zoɓo da zafinsa, ko ana cika firiza maƙil da ruwan leda lokaci guda. A sababbin firjin da ba sa tara ƙanƙara, in sama na daskarewa ƙasa kuwa ɗumi, ku buɗe marfin cikin firiza. Galibi za ku tarar ƙanƙara ta toshe hanyar iska saboda hita mai narkarwa ta mutu, ko fanka ta tsaya. Babu ruwan gas a nan.

Sai an wuce duk waɗannan ake zancen gas. Kwamfreso na aiki ba tsayawa, bututun baya ba zafi sosai, ƙanƙara ta kama gefe ɗaya kawai. Ko a nan ma a yi hattara, domin toshewar siririn bututu ko raunin kwamfreso kan nuna alamu masu kama da haka. In zuba ce, a nemo ta. Ku fara da cikin firiza, inda masu gida ke ɓamɓarar ƙanƙara da wuƙa. Ku matsa bututun da iskar naitirojin, ku bi mahaɗai da kumfar sabulu. Ina roƙonku da girman Allah, kada ku taɓa matsa shi da iskar oksijin ta tukunyar walda. In ta haɗu da man kwamfreso tana iya fashewa a fuskar mutum. Bayan walda a canza matatar da ke tsotse danshi, a zuƙe iskar ciki da famfo na musamman. Wanda ba shi da waɗannan kayan, ya ara ko ya tura aikin ga mai su. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Gas ɗin ma ba ɗaya ba ne. R12 na da, wanda ke lalata rufin ozon, an hana shi a ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1987, kuma wa'adin ƙasashe irin namu ya cika a 2010. Bayansa aka shiga R134a, yanzu kuma yawancin sababbin firjin gida R600a suke amfani da shi. Man kwamfreson R134a daban yake da na sauran biyun, matsin kowanne daban, ba a haɗa su, ba a musanya su. R600a kuma yana kama wuta. Kada a sake shi a cikin rufaffen shago, kada a kusanto da wutar walda sai an tabbatar bututu ya wofinta, kada yaro ya kunna sigari a kusa. Adadinsa ɗan kaɗan ne, giram ne ake lissafawa, kuma an rubuta a takardar jikin firjin. Giram kaɗan sama ko ƙasa na rage sanyi, don haka a ɗura da sikeli, a daina taɓa bututu da hannu ana kintace. Ƙungiyar masu sana'ar, NARAP, da Ofishin Ozon na Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya sukan shirya horo a kan waɗannan gas ɗin. Wanda ya ji labari ya je, ya tafi da yaronsa.

Iyayen gida, yaro abin da ya ga ogansa na yi shi zai ɗauka. Ku koya masa ya fara da mita da buroshi kafin ya taɓa tukunyar gas. Ku nuna wa mai kaya abin da kuka cire, ku miƙa masa a hannu, ku gaya masa abin da ya jawo lalacewar. In firjin ya wuce gyara, ku faɗa masa tun kafin ya kashe kuɗinsa.

Allah ya sa albarka a sana'arku, ya kare ku daga haɗarinta. Wassalam.