Kasafin Kuɗin Abuja Da Harajin Da Ba Shi Da Rasit

'Yan uwa mazauna Kurmi, musamman 'ya'yan 'yan kasuwa irina da aka haifa ko aka raina a nan Ikko, da Sabon Ibadan, da Shagamu, da sauran zangonnin da iyayenmu suka yada buzu. Yau so nake mu ɗan tattauna a kan maganar kasafin kuɗi da sababbin dokokin haraji na gwamnatin tarayya. Ni dai ba masanin tattalin arziki ba ne, karatuna a sakandare ya tsaya, amma tun ina aji uku nake riƙe wa Babanmu littafin shiga da fita na albasa, saboda haka na san inda kuɗi ke zurarewa tsakanin gona da kasuwa.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, harajin da ake ta jayayya a kansa a Abuja daban yake da harajin da ke cin jarin ɗan kasuwar abinci. Muddin ba a taɓa na biyun ba, duk wani sassauci da aka karanto a gaban majalisa a takarda zai tsaya.

A watan Disambar 2024 Shugaba Bola Tinubu ya gabatar da kasafin 2025 na naira tiriliyan 49.7, kafin a sa masa hannu a ƙarshen Fabrairun 2025 ya kumbura ya kai tiriliyan 54.99. A cikin wannan kuɗi, sama da tiriliyan 14 na biyan bashi ne, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi tun kafin a sayi allo ɗaya ko ƙwayar magani ɗaya. An yi lissafin ne a kan cewa dala za ta tsaya a naira 1,500, gangar ɗanyen mai dala 75, kuma za a riƙa haƙo ganga miliyan biyu da 'yan kai a kullum. Duk ɗan kasuwa ya san irin wannan lissafi, shi ne wanda mutum ke yi da dare kafin kaya su iso. Ba na ganin laifinsa, sai dai a riƙa tuna cewa fata ne.

Sai kuma dokokin haraji guda huɗu da aka sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, aka ce su fara aiki 1 ga Janairun 2026. Adalci shi ne a faɗi abin kirkin da ke cikinsu. Wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira dubu 800 ba, ba zai biya harajin kuɗin shiga ba. Harajin VAT da aka so a ɗaga zuwa kashi 10 an bar shi a kashi 7.5. Kayan abinci na yau da kullum ba a ɗora musu VAT. Hukumar FIRS an sauya mata suna da tsari ta koma Nigeria Revenue Service, an kuma tanadi ofishin da mai biyan haraji zai kai kuka idan an zalunce shi. Wanda ya ce duk wannan ba komai ba ne, bai yi gaskiya ba.

To amma mu ɗauki dubu 800 ɗin nan mu raba ta da kwanakin shekara. Abin da zai fito bai cika naira 2,200 a rana ba. Ke nan ɗan dako a kasuwa, da mai tura baro, da mai sayar da albasa a faranti a bakin titi, da yawansu doka ta ce an yafe musu. Madalla. Shin akwai wanda ya taɓa zuwa wajen ɗan dako da takardar harajin kuɗin shiga? Babu. Abin da yake biya shi ne tikitin safe, da kuɗin ƙasa, da kuɗin shara, da na masu gadi, da wani wanda ko sunansa ba a faɗa maka, sai dai ka ga hannu a miƙe. Waɗannan babu ruwansu da ko ka yi ciniki ko ba ka yi ba. An yafe masa abin da da ma ba ya biya, an bar masa wanda yake biya kullum kafin ya karya kumallo.

Haka maganar cire VAT a kan abinci. Babanmu daga Aliero yake ɗauko albasa. Mota za ta taso ta biyo Jega, Yawuri, Kontagora, Mokwa, ta haye gadar Jebba, ta ratsa Ilori da Ogbomoso da Ibadan kafin ta shigo Ikko. Tun a wajen lodi za a biya kuɗin kasuwa da na ƙungiya, wannan kowa ya yarda da shi. Daga nan sai a damƙa wa direba wani kuɗi daban, kuɗin hanya, kuma kowane ɗan kasuwa ya san ba na gas ba ne, ba na abincin yaran mota ba ne. Na shingaye ne. Wani shingen na masu kaki ne, wani na samari ne da katako mai ƙusoshi, su ce su na karɓar harajin amfanin gona ne, ko na sitika, ko na wata takardar da ta gabansu ba ta aiki a yankinsu. Wani ya ba ka guntuwar takarda mai tambari, wani ko ita babu. In direba ya tsaya gardama a ajiye shi a rana, albasa kuwa ba ta son zafi da jira, tumatir ya fi ta rashin haƙuri. Saboda haka biya ake yi a wuce.

Duk wannan kuɗi a kan buhu yake komawa. Matar da ta zo Mile 12 ta ji farashi ta riƙe baki, ita gani take Bahaushe ne ya tsawwala. Ba ta san cewa a cikin kowane buhu akwai rabon mutanen da ba su yi noma ba, ba su yi lodi ba, ba su tuƙa mota ba. Ita ce ke biya a ƙarshe, mu kuma mu kwashi baƙin jini. Wannan baƙin jinin ba abin wasa ba ne ga wanda ke zaune a garin wasu. Waɗanda suka ga abin da ya faru a kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021 sun san yadda ƙaramar magana ke zama wuta. Bayan rikicin ne haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kawo kaya Kudu na 'yan kwanaki, kuma cikin koke-kokenta har da karɓe-karɓen kan hanya. Aka zauna, aka yi alkawura, motoci suka ci gaba da tafiya. Shingayen kuwa, a tambayi duk direban da ya iso jiya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, ba doka ce ta yi ƙaranci ba. Tun 1998 aka yi dokar da ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai iya karɓa, ta kuma haramta kafa shinge a kan hanya don karɓar haraji. Dokar ta girme ni ko kuma sa'ata ce. Taiwo Oyedele, wanda ya shugabanci kwamitin da ya tsara sababbin dokokin, shi da kansa ya sha faɗa cewa harajin da ake karɓa a hukumance a ƙasar nan ya haura iri 60, burinsu kuma a rage shi ya koma ƙasa da goma. To yawancin waɗannan ƙananan karɓe-karɓe a hannun jihohi da ƙananan hukumomi suke, sai sun ga dama za su gyara nasu dokokin, sai kuma sun ga dama za su kori yaran da ke kan titi, waɗanda galibi yaran wani ne da ake buƙata ranar zaɓe.

Da can uzurin da ake bayarwa shi ne jihohi da ƙananan hukumomi ba su da kuɗi. Wannan uzuri ya raunana. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 aka kuma saki naira, kuɗin da ake rabawa wata-wata daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Sabuwar doka kuma ta rage kason tarayya a VAT daga kashi 15 zuwa 10, ta ƙara wa jihohi daga 50 zuwa 55. Talaka ne ya sayi wannan ƙarin da aljihunsa, lokacin da litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haye 1,000 a ƙarshen 2024. In an karɓa a gidan mai, da wane dalili za a sake tare shi a hanya?

Nan ne nake da magana da manyanmu na gida. A Oktoban 2024 gwamnonin Arewa da sarakuna sun taru a Kaduna suka yi watsi da tsarin rabon VAT da aka fara kawowa, wanda zai ba da kashi 60 bisa inda kuɗin ya fito. An yi ta kai ruwa rana har aka daidaita a kan rabin kason jihohi a raba daidai, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa inda aka yi sayayya. Sun yi ƙoƙari, sun kare asusun jihohinsu, ban hana su ba. Sai dai duk zafin muhawarar a kan rabo ya ƙare. Ban ji an yi irin wannan taron dangi a kan motar albasa da ta shanu da ake tatsa tun daga cikin jihohinsu ba, domin kada wani ya ɗauka sai an haye Jebba ake fara tare mu. Wallahi tun daga gida ake farawa.

Mu kuma mazauna Kurmi a wannan rabo muna tsakiya ne kamar jemage. Katin waya da muke saya, da kuɗin wuta, da naira 50 ɗin da ake cirewa in an tura dubu goma zuwa sama, duk a nan muke biya, kuma sayayyarmu a lissafin jihar da muke zaune take shiga. Amma ranar da aka zo maganar gurbin aiki ko tallafin karatu na jiha, sai a ce kawo takardar shaidar ƙaramar hukumarka ta asali. Ka je can gida, a dube ka a ce ai kai ɗan Ikko ne, wa ya san ka? Tallafin naira dubu 25 na wata uku da aka sanar a 2023 cewa za a ba gidaje miliyan 15, ni dai a layinmu ban ga wanda ya nuna mini saƙon shigarsa ba, kuma layinmu ba na masu hali ba ne. Kowa ya tuna an dakatar da shirin a farkon 2024 aka kuma dakatar da ministar da ke kula da shi. Wataƙila a wasu wuraren ya isa. Amma mutumin da iyalinsa ke ƙauye shi yana kwana a rumfar kasuwa wata takwas a shekara, da wuya mai rubuta sunaye ya same shi a ɗayan wuraren biyu.

Na san abin da wani zai ce, domin wani abokina ɗan nan garin da muka yi makaranta tare ya faɗa mini ido da ido: ku 'yan kasuwar Arewa kuna juya miliyoyi a aljihun babbar riga, ba rajista, ba lissafi, ba kwa biyan gwamnati komai, sannan ku fi kowa kuka. Akwai ƙamshin gaskiya a rabin maganarsa. Da yawa daga iyayenmu ba su da rajistar kasuwanci, kuma akwai manyan dillalai da ya kamata a ce suna biyan haraji mai kauri. Inda ya kuskure shi ne cewa ba ma biya. Muna biya, har fiye da wani mai shago da takardunsa, illa dai kuɗin ba ya isa inda za a gina hanya da shi. Kuma mutumin da aka riga aka tatsa sau ashirin a hanya, in ka zo masa da maganar rajista, abin da zai ji shi ne ga na ashirin da ɗaya ya iso.

Shi ya sa harajin ƙiyasi da sabuwar dokar ta tanada don masu sana'ar da ba su ajiye lissafi yake ba ni tsoro. A takarda yana da ma'ana. A kasuwa kuwa tambayar ita ce wa zai yi ƙiyasin, kuma in an biya shi, sauran za su daina zuwa? Dattawa suna ba mu labarin harajin kai da jangali na zamanin En'e, wanda Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke a 1979 talakawa suka yi ta murna. Harajin zalunci ne, an daki mutane a kansa, wasu sun bar garuruwansu saboda shi. Amma ko shi, in ji Babanmu, in ka biya ana ba ka rasit, ka ninke shi ka sa a aljihu, duk inda aka tare ka ka nuna a ƙyale ka. Abin kunya ne a ce ta wannan fuska ɗaya tak, wancan ya fi na yanzu tsari.

Abin da nake so in ji a jawabin kasafi, ko daga bakin shugaban ƙasa ko na gwamna, ba wani abu ne mai wuya ba. A ce motar abinci za ta biya sau ɗaya a wajen lodi, a sanar da adadin kowa ya sani, a biya ta banki ko ta waya, shaidar ta shigo wayar direba, kuma wannan shaida ta yi aiki daga Aliero har Mile 12. Jihohin da motar ta ratsa su je su raba a tsakaninsu, tunda sun nuna mana sun iya zaman rabo. Yau kusan kowane mai rumfa yana da na'urar POS a gabansa, har mai sayar da rake yana karɓar tiransifa, saboda haka kada a ce mutanenmu ba za su iya ba.

Shugabannin ƙungiyoyinmu na kasuwa da sarakunan Hausawa na zango-zango su ma da nasu aikin. Duk lokacin da babban mutum ya kawo ziyara, abin da ake roƙo bai wuce motar ƙungiya ko kujerar Makka ba. Ina roƙon iyayenmu, da girmamawa, a wannan karon a sa yara irinmu masu ɗan karatu su bi motoci goma kacal daga lodi zuwa sauke, su rubuta kowane shinge, da garin da yake, da abin da aka karɓa, da ko an ba da takarda. A buga shi, a kai wa 'yan majalisar da ke wakiltar inda muka fito da na inda muke zaune, a kai kwafi ɗaya ofishin sauraron koken haraji da sabuwar dokar ta tanada. Ni na ɗauki nauyin rubuta na motar Babanmu, in wani a Sabon Ibadan ko Onica zai yi na tumatir ko na shanu, ya yi magana mu haɗa.