MARAƘIN DA YA MUTU YAU SHI NE MADARAR DA ZA MU SAYO DA DALA GOBE

Tun da aka ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya a 2024, duk taron da aka yi zancen ɗaya ne: Najeriya na kashe kusan dala biliyan 1.5 a shekara wajen shigo da madara, don haka a kawo shanun Turawa, har da na Denmak. To madalla. Amma jama'a, wa ke maganar maraƙi?

Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san yadda muke son abin da za a yanka zare a ɗauki hoto. Kula da maraƙi kuwa ba ya ɗaukar hoto, shi ya sa ba ya shiga kasafi.

Ga abin da kowane likitan dabbobi zai gaya maka. Maraƙi yana zuwa duniya ba shi da garkuwar jiki, sai wadda ya samu daga dakashi, wato nonon farko. Dole ya sha ya ƙoshi cikin awa shida na farko, kimanin kashi goma cikin ɗari na nauyinsa. Bayan awa 24 hanjinsa ya daina ɗaukar garkuwar. A tsoma cibiyarsa cikin aidin, a ba shi busasshen makwanci. Idan zawo ya kama shi, rashin ruwa ne ke kashe shi, kuma ruwan gishiri da gulukos na ceto shi. Daga sati na biyu a fara sa masa dusa da ƙuli-ƙulin gyaɗa da harawa mai laushi da ruwa mai tsabta, tumbinsa ya buɗe. Nawa ne kuɗin wannan duka?

Amma me ke faruwa a ruga? Bunaji da rani da kyar take ba da lita ɗaya ko biyu. Uwargida na buƙatar na kai wa kasuwa, mai tara madara ya iso da babur da jarkoki, maraƙi sai ragowa. Wanda ya tsira ya tashi a tsumbure, karsanar da ya kamata ta haihu a shekara biyu da rabi sai ta kai huɗu. Ba na ganin laifin matar, abincin gidanta ke nan. Laifin na masu sayen madarar ne da ba sa kai mata dusa ko malamin kiwo, da mu da muka bar asibitocin dabbobi na ƙananan hukumomi suka zama kangaye. Makiyayi ya koma wajen mai tallan magani ranar kasuwa, kowace cuta allura ɗaya ake dankara mata.

Wani zai ce ai irin shanunmu ne ba su da nono. Ko da haka ne, ɗiyar Firisiyan ta fi ɗiyar Bunaji saurin mutuwa a hannun kaska da zafi da yunwa. Wanda ya kasa riƙe ta gida, ta Turai zai riƙe?

Ilimin nan muna da shi. Ga NAPRI na Shika, ga cibiyar rigakafi na Vom, kuma jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri na yaye likitocin dabbobi duk shekara, da yawansu suna zaune ba aiki. A ɗauke su, a ba su babur da akwatin sanyi, a tura su rugage. Ku tambayi ɗan majalisarku likitan dabbobi nawa ne a ƙaramar hukumarku, ku kawo mana amsar a nan.

Allah ya ganar da shugabanninmu.