Gam Ɗin Takalmi a Bakin Ido

Hutun da ya wuce na je gida Gamu bikin ƙanwar babana. Wata mai kwalliya ta zo daga birni da jakarta, ta jera ƴan mata tara a tabarma, ta liƙa musu gashin ido da matsefata ɗaya, kwalba ɗaya, ko hannu ba ta wanke ba. Washegari ƙanwata ta tashi idonta a kumbure, sai da muka kai ta asibiti Gure. Da na ɗauki kwalbar na duba, gam ɗin liƙa gashin kai ne.

Mu masu karatun harshe mun san kalma na iya rufe ido. A bakinmu duk "gam" ne, ko "kol" yadda muka aro daga Faransanci: na takalmi, na kitso, na ido. Suna ɗaya, sai a zaci abu ɗaya ne. Gam ɗin gashin kai yawanci akwai ruwan roba a ciki, wanda ke sa wasu kumburi da ƙaiƙayi. Shi kansa na ainihin, wanda aka yi don gashin ido, sinadarinsa cyanoacrylate, dangin Super Glue ne. To ina ga na bogi?

Abin da ke ba ni haushi shi ne a ina muke wannan wasa. Jihar Damagaram ta daɗe tana fama da amodari, ciwon da ke lanƙwasa fatar ido har gashin ya riƙa kartar ƙwayar ido, ya kai mutum ga makanta. Kakanninmu mata da matsefata suke tsige gashin idonsu don su samu su yi barci. Shekara da shekaru Carter Center da Helen Keller suna taimakon hukumar lafiya da aikin tiyata da rabon magani. Yau kuma jikokinsu na biyan kuɗi a ɗora musu nauyi a fatar ido, a ƙasar da ƙura da rairayi ba su barin ido ya huta.

Samarin da ke dariya suna cewa "tsintsiya a ido", ku yi shiru, ku ne kuke yaba hoton a WhatsApp. Masu cewa a hana kawai, an hana man bilicin, ya ɓace? Ado ba zai tsaya ba, gara mu faɗi yadda za a tsira da ido.

Ƴar uwa, in za ki sa, ki karɓi kwalbar ki karanta da kanki. A gwada ɗan gam a bayan kunnenki kwana 2 kafin ranar. Mai yi ta wanke hannu da sabulu, ta tsabtace matsefata tsakaninki da ta gabanki. Idonki a rufe, gam kuma kan gashi, kada ya taɓa fata. In kina da apolo ko jan ido, ki haƙura da wannan bikin. Kada ki fizge shi da hannu, da naki zai taho. In kin ji zafi ko ganinki ya dushe, ki wanke da ruwa mai tsabta ki nufi likita, ban da tofi da kwalli.

Mai kwalliyar da ta ji haushin tambaya, ki ɗauki mayafinki ki tashi. Ƙanwata ta warke, amma kwana 6 ta yi a ɗaki, bikin ya watse ba ta ga amarya ba.