Jaket ɗin fata a watan Afrilu: wa ake yi wa wayo?

 

Akwai wata riga da ta addabi littattafan da ake saki a WhatsApp da Wattpad 'yan shekarun nan, wato baƙar jaket ɗin fata irin ta 'yan babur. Duk jarumar da ake so a nuna idonta a buɗe yake, 'yar mai kuɗi ce da ta dawo daga Landan ko jami'ar sirri, sai an zura mata ita. Za ta fito daga gidansu a Unguwan Rimi da ƙarfe 2 na rana a watan Afrilu, ta ja zif har wuya, ta biyo titin Ahmadu Bello, kuma ko ɗigon gumi babu a goshinta. Mu da muke zaune a Kaduna mun san a Afrilu ko mayafi nauyi yake yi wa mace. To wa ake yi wa wayo?

Mu fara raba gari da masu cewa a cire rigar gaba ɗaya don wai ba al'adarmu ba ce. Atamfar da muke tinƙaho da ita asalinta daga Indonesiya Turawan Holan suka kwaikwayo ta, abaya kuma daga ƙasashen Larabawa ta zo mana. Yarinyar da ta ɗora jaket a kan doguwar riga ta yafa mayafinta da safiyar hunturu, ta tsaya jiran Keke Napep a Kawo, ba ta yi wa kowa laifi ba. Rigimarmu da marubucin da ya sa wa jarumarsa abin da bai sani ba ce, wanda ya gani a fim ɗin Indiya ko a hoton Instagram ya kwafo shi da sunansa na Turanci ya manna.

Ita wannan riga tana da tarihi, kuma kowane ɗinki nata da dalilinsa. A 1928 wani maɗinki a birnin New York mai suna Irving Schott ya fito da samfurin da ya kira Perfecto don masu tuƙa babur. An karkata zif ɗin gefe guda ne don gaban rigar ya ruɓanya, iska ta kasa ratsa ƙirji. An yi ta gajera, iya ƙugu, don kada ta tattare in an zauna a kan babur. Fim ɗin Marlon Brando na 1953 ne ya mayar da ita alamar taurin kai. Marubucin da ya san wannan, ya san cewa in ya sa wa 'yar malam ita, ya riga ya faɗi wani abu game da halinta, kuma dole labarin ya biya bashin wannan magana. Me mahaifiyarta ta ce ran da ta fara ganinta a jikinta? Me matan layin suka ce?

Abin takaicin ma shi ne, in ana maganar fata, Bahaushe ba ɗan kallo ba ne. Fatar jar akuyar Sakkwato ta ɗauki ƙarnoni tana ratsa Sahara a bayan raƙuma, har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta yadda ake fitar da jemammun fatu da takalma daga birnin. Har gobe majema suna aiki a Ƙofar Wambai da bagaruwa, dukawa suna ɗinki, kuma a Samarun Zariya akwai cibiyar gwamnatin tarayya sukutum ta nazarin fata, NILEST. Daga Kawo mota ɗaya ce. Muna da jima, muna da kirgi, muna da baduku, muna da shafi na cikin riga. Amma sai marubuci ya tsallake duk wannan ya jera mana sunayen kamfanonin Italiya da ko rubuta su daidai bai iya ba, bai ma san cewa Italiya na cikin manyan masu sayen fatun da ake jemewa a Kano ba.

Za a ce ai labari ne, ƙirƙira ce. Gaskiya ne, amma ƙarya ma fure take ba ta 'ya'ya in ba a dasa ta a ƙasar da mai karatu ya sani ba. Mai karatu zai yarda maka da aljani, zai yarda da attajirin da ya mallaki jirage 10, amma ranar da ka sa 'yar aiki ta jiƙa jaket ɗin fata a ruwan omo ta shanya a rana, washegari jaruma ta saka tana ƙyalli, duk macen da ta taɓa mallakar jakar fata ta daina yarda da kai. Daga nan ko kukan jarumar ba zai taɓa ta ba.

Za a kuma ce masu karatu ba su damu ba, soyayya suke bi. Wannan raini ne ga mutanen da suke cire kuɗin data da kuɗin littafi daga aljihunsu. Kuma mai burin shiga gasa irin Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ya sani alƙalai ba sa karatu da ido ɗaya.

Maganin ba ya buƙatar biza. A shiga Kasuwar Barci ranar da aka fasa dilar gwanjo, ko Kasuwar Sheikh Gumi, a taɓa da hannu. Fata ta gaske tana da wari nata, tana da nauyi, ƙananan ramukan jikinta ba su jeru daidai ba, bayanta kuma gaushi-gaushi ne. Ta roba bayanta yadi ne, warinta na leda, ita ce ke ɓarewa a kwala da gwiwar hannu in ta sha zafi. Mai saye tana duba kafaɗa ta zauna mata daidai, ta ja zif sau biyu sau uku, ta leƙa shafin hammata ko ya yage. Lokacin sakawa a garin nan Disamba ne da Janairu, da sassafe ko bayan magariba. Iskar hunturun da ta sa aka ɗauko ta ita ce kuma ke busar da ita har ta tsage, shi ya sa ake goge ƙurar da tsumma mai ɗan danshi a shafa mata mai kaɗan, ko da man kaɗanya ne, bayan an gwada a ɓoyayyen wuri don yana ƙara duhun launi. Da damina, musamman Agusta, fumfuna ce abokiyar gaba: ba a ƙulle ta a leda, a rataye ta a faffaɗan hanga inda iska ke shiga.

Ku duba yawan labarin da ke cikin wannan kaɗai. Ɗalibar Kadpoly da ta tara kuɗin abincinta ta sayi jaket a gwanjo, ta saka ranar da za ta haɗu da dangin saurayi, kwalar ta fara ɓarewa a kan farin mayafinta a gaban yayarsa. Ko 'yar baduku da ta shafa jaket ɗin kishiyarta sau ɗaya ta gane roba ce, ta yi shiru ta adana maganar sai ranar da za ta yi amfani. Babu mai samun irin wannan a hoton Instagram.

Don haka ga roƙonmu ga masu tasowa, ga kuma ƙalubale ga manya. Kafin a sa wa jaruma kowace sutura, a amsa tambayoyi: wane wata ake ciki, a ina ta same ta, wa ya biya, kuma yaya za ta kasance bayan shekara 2? Wanda ya kasa amsawa, ya ajiye alƙalami ya tafi kasuwa, masu gwanjo ba sa karɓar kuɗin tambaya. Wanda kuma yake ganin mun yi tsauri, zaure a buɗe yake, ya kawo hujjarsa.

Allah ya ƙara mana basira, ya yi wa alƙalumanmu albarka.