Bizar bin miji ko mata: hujjar tana cikin wayarki, kada ki miƙa wa ejan makullinta

Yau ba maganar sabuwar waya zan yi ba, maganar abin da ke cikin wayar da ke hannunmu ce.

Bara wata ƙanwata, 'yar baffana a Mainika, ta kira ni tana kuka. An ɗaura mata aure da wani ɗan garinmu da ya daɗe a Ingila har ya samu izinin zama na dindindin. Ango ya zo, an sha biki, ya yi wata guda ya koma. Aka bar maganar biza a hannun wani mai shagon intanet a Kano da ake cewa ya san hanya. Shi ya buɗe mata imel, shi ya riƙe kalmar sirri, lambar wayarsa ya saka a fom. Da aka zo wajen biyan kuɗi sai ya ce a ƙara masa nasa, in ba haka ba, ba zai buɗe akwatin ba.

"Yaya, ni ko sunan imel ɗin ban sani ba." Abin da ta ce min ke nan.

Da na zauna da takardunta sai na tarar matsalar ta wuce ta ejan. Ranar haihuwarta a NIN daban, ta takardar makaranta daban. Sunan mahaifinta a wani wuri Muhammad, a wani wuri Mamman. Hirar da suka yi ta kusan shekara biyu kafin aure kuwa ta bi ruwa, domin GBWhatsApp take amfani da shi, ta sauya waya ba ajiya. Sai da muka shafe wata biyar muna gyara kafin mu fara cike fom daga farko.

Daga nan na tsaya a kan ra'ayi ɗaya. Bizar aure ba sanin hanya take buƙata ba. Gaskiya take buƙata, wadda aka adana da tsari, kuma mafi yawanta tana cikin waya. Zan yi magana da mata saboda su suka fi bin miji, amma namijin da zai bi matarsa ma da shi nake.

Jami'in biza bai je ɗaurin aure ba

A Gwarzo ko Kabo, aure ya ƙullu idan waliyyi ya bayar, wakilin ango ya karɓa, aka ambaci sadaki, shaidu suka ji, aka shafa fatiha. Kowa a gari ya sani, ba mai tambayar takarda. Amarya tana gida. Wani lokaci angon ma yana wata ƙasa.

Wanda zai duba fayil ɗinki bai ji fatiha ba, bai ci goro ba. Abin da aka ɗora masa a kwamfuta kawai yake gani. Dokokinsu kuma ba da irin aurenmu a rai aka rubuta su ba. Dokar shige da fice ta Amurka ba ta ɗaukar mutum a matsayin miji ko mata idan an ɗaura auren ba tare da su biyun suna wuri ɗaya ba, sai in sun sadu a matsayin ma'aurata bayan ɗaurin. Birtaniya kuma ta sharɗanta cewa kun taɓa haɗuwa ido da ido, kowannenku ya kai shekara 18, kuma zaman aure na gaske kuke nufi. Ƙasashen biyu ba sa buɗe wannan ƙofa don zama da mace fiye da ɗaya.

Saboda haka tikitin jirgin da ango ya zo da shi, hatimin shiga ƙasa a fasfonsa, da hotonku tare bayan biki, ba tarkace ba ne. Su ne shaidunki a can. Takardar shaidar aure ma a karɓe ta tun ranar, da sunayen da suka dace da na fasfo, kada a bari sai bayan shekara biyu a je neman ta da gaggawa. Ko takardar gwajin lafiya kafin aure, wanda Jihar Kano ta mayar doka a 2024, a ajiye ta, domin tana ɗauke da suna da kwanan wata.

Kuɗin da ake sa wa a kasada

Mu dubi Birtaniya. Daga 11 ga Afrilun 2024, wanda zai kawo matarsa sai ya nuna yana samun aƙalla fam 29,000 a shekara. Kafin nan fam 18,600 ne tun 2012. Kuɗin neman bizar daga waje ya kai fam 1,938 a Afrilun 2025, ga kuɗin kula da lafiya fam 1,035 kowace shekara, wanda ake biyan na shekara uku a dunƙule, wato fam 3,105. Kin ga an haura fam 5,000 ba a taɓa kuɗin jirgi ba. Sai jarrabawar Turanci ta matakin A1, ta ji da magana, da gwajin tarin fuka a cibiyar da suka amince da ita, irin na hukumar IOM a Abuja da Legas, wanda takardarsa wata shida take yi. Idan aka ƙi ba da bizar, za a dawo da kuɗin lafiya, amma kuɗin fom ya tafi.

Wani abin da ejan ba ya faɗa: wannan hanya ta matar ɗan ƙasa ce ko mai izinin dindindin. Matar ɗalibi ko ta ma'aikaci hanyarta daban ce, kuma an rufe wani sashe nata. Daga Janairun 2024 yawancin ɗalibai ba sa iya kawo iyali, daga 11 ga Maris ɗin 2024 kuma haka ta shafi masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya. Ki fara tambayar mijinki irin izinin da yake riƙe da shi kafin a kashe ko kwabo.

Ta Amurka kuwa miji ne ke farawa da fom I-130 a hukumar USCIS, sai fayil ya wuce cibiyar NVC, ki cike DS-260 a intanet, sannan ganawa a ƙaramin ofishin jakadancinsu na Legas. Ƙofar nan tana buɗewa tana rufewa da siyasa. An hana 'yan Najeriya bizar ƙaura a Fabrairun 2020, aka ɗage a Janairun 2021, sannan a Disambar 2025 aka sake saka Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa biza. Duk wanda ya ce miki yana da mutum a ciki da zai tsallake irin wannan doka, kuɗinki yake so. Shafin gwamnati za ki buɗe da kanki, mai ƙarewa da gov.uk ko state.gov, a ranar da za ki nema.

Abin da za ki yi da wayarki tun yau

Na farko, imel naki ne. Ki buɗe shi da hannunki, ki saka lambar da aka yi wa rajista da NIN ɗinki, ki kunna tantancewa mai mataki biyu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin Birtaniya ta daina katin BRP a ƙarshen 2024, izinin zama yanzu asusu ne a intanet da ake kira eVisa, kuma da imel da lambar waya ake shiga. Wanda ya riƙe su ya riƙe ki har bayan kin sauka. Layin ma kada ki jefar da shi, don kamfanonin sadarwa suna sayar wa wani layin da ya daɗe ba a amfani da shi.

Na biyu, ki rabu da GBWhatsApp da 'yan uwansa. Ba sa ajiye hira a Google Drive yadda na asali yake yi, kuma WhatsApp na iya rufe lambar da ke amfani da su. A na asalin, ki kunna ajiya, ki tabbatar gurbin giga 15 da Google ke bayarwa kyauta bai cika da bidiyon biki ba, domin ajiyar WhatsApp ma daga cikinsa take ci yanzu. Ki kashe saƙo mai ɓacewa a hirarku, wanda ke goge komai bayan awa 24, kwana 7 ko kwana 90. Duk wata uku ki fitar da hirar ki tura wa imel ɗinki.

Na uku, mu mutanen saƙon murya ne, saƙon murya kuma ba ya hawa takarda. Ki riƙa ɗaukar hoton allo na jerin kiranku, inda rana da tsawon kira suke fitowa. Ki ajiye rasit na duk kuɗin da ya turo miki, kuma ya turo asusun da ke da sunanki, ba na yayanki ko na mai POS ba. Abin da kika zaɓa ki miƙa daga hirar Hausa sai an fassara shi, mai fassara ya sa sunansa da hannunsa.

Na huɗu, hotunan biki ki karɓi na asali daga mai hoto. WhatsApp yana matse hoto ya cire bayanan ranar da aka ɗauka, sai in an turo shi a matsayin fayil. Takardu kuma ki yi musu sikanin da manhajar Google Drive, kada ki ɗauke su a kan tabarma da inuwar hannunki a kai.

Na biyar, ki jera NIN, fasfo, shaidar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya da takardar aure a gabanki ki karanta harafi da harafi. A aikina na rubuta manhaja na koyi cewa kwamfuta ba ta san Muhammad da Mamman mutum ɗaya ne ba. A gyara tun kafin fasfo, wanda daga 1 ga Satumbar 2025 mai shafi 32 ya koma naira 100,000. Ba kuɗin da za a biya sau biyu ba ne.

Ƙaryar ejan a wuyanki take

Abin da ya fi ba ni tsoro ba kwaɗayin ejan ba ne, gyare-gyarensa ne. Ya ga takardar banki ba ta yi masa kyau ba, ya ƙara sifili. Ya ga babu hira, ya haɗa ta da manhajar ƙirƙirar hirar bogi. Ya zo tambayar ko an taɓa hana ki biza, ya danna a'a bai tambaye ki ba. Sunanki ne a fom ɗin, ba nasa ba. A dokar Amurka, yin ƙarya da gangan a kan abu mai muhimmanci don samun biza yana jawo hani na har abada.

Tun ƙarshen Mayun 2019 fom ɗin Amurka yana tambayar sunayen shafukan sada zumunta da kika yi amfani da su cikin shekara biyar. Ejan bai san tsohon TikTok ɗinki ba, bai san Facebook ɗin da kika buɗe a makaranta ba. Ke kika sani. Ki rubuta su duka, kada ki goge don ɓoyewa.

Na san abin da za a ce

Za a ce ba kowa ke jin Turancin fom ba, sabis a ƙauye sai an hau tudu, kuma ba duk mai shagon intanet ne macuci ba. Gaskiya ne. Ban ce kada a nemi taimako ba. Cewa na yi ki zauna kusa da mai taimakon, ya karanta miki kowace tambaya ya fassara, ke ki ba da amsa, ke ki shigar da kalmar sirri, ki fita daga asusun kafin ki tashi. Idan lamarin yana da sarƙaƙiya, kamar tsohon aure ko hanin baya, miji ya nemi lauya mai rajista a can. Ladan bugu daban, mallakar asusu daban.

Za a kuma ce da kunya baƙo ya karanta hirar mata da miji. Ni ma abin yana damuna, kuma ina ganin tsarin bai yi wa irinmu adalci ba: auren da gari guda ya shaida sai ya koma neman hoton allo. Amma ba a ce ki zube komai ba. 'Yan shafuka daga watanni daban-daban sun isa su nuna hulɗa ba ta yanke ba. Sirrinki ki bar shi. Ki kuma tuna, idan kika miƙa wa ejan wayar a buɗe, shi ne baƙon farko da zai karanta komai, har da abin da ofishin biza bai nema ba.

Ƙanwata ta miƙa nata fayil ɗin da kanta, daga wayarta, muna zaune a tsakar gidan baffa. Ranar da saƙon ya shigo ba wanda ya kira ta ya ce ta kawo goro kafin ta ji labari. Ita ta buɗe, ita ta karanta.

Idan an sa miki rana da wanda ke waje, kafin a fara lissafin lefe da kayan ɗaki, ki ɗauki rabin awa yau ki buɗe imel ɗinki ki kunna ajiyar WhatsApp. Allah ya sa a dace.