Kafin ka bar Illela don Lisbon

In kana aiki ta intanet daga Illela, bidiyon unguwannin Lisbon masu tsit da kake gani a TikTok zai iya ruɗarka. Tun 2022 Fotugal ke ba irinka biza, amma sai abin da kake samu a wata ya ninka mafi ƙarancin albashin ƙasar sau huɗu. Ga kuɗin haya, da yuro.

Ni dai a ganina ribarka tana gida: ka karɓi dala, ka kashe naira. Matsalarka wuta ce da sabis. Sayi sola, riƙe layi biyu, ka saita wayarka kada ta kama sabis ɗin Birnin Konni ta zuƙe maka kati. In abin ya faskara, kama haya a Sakkwato.