Kafin Ku Ajiye Aiki, Ku Tambayi Makomar Katinku na Asibiti

Iyayenmu maza da mata, musamman waɗanda suka ba shekara hamsin da biyar baya kuma suke aikin albashi. Da ku nake magana a wannan fitowa, da kuma 'ya'yanku da ke rako ku asibiti.

Ma'aikacin gwamnati a Nijeriya yana ajiye aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa. Malaman makaranta kuwa dokar tarayya ta 2022 ta ɗaga nasu zuwa shekara 65 ko 40 a bakin aiki. Kowa ya san ranarsa tun da nisa. Za ku ga mutum ya shirya takardun fansho, ya je an ɗauki hotonsa, ya ƙarasa ginin gida, har ya fara tunanin gona ko shago. Abu ɗaya da ba kasafai ake tunawa da shi ba shi ne katin inshorar lafiya da ke cikin aljihu.

Wannan kati da albashi yake tafiya. An yi dokar shirin inshorar lafiya na ƙasa, wato NHIS, a 1999, aka fara aiki da shi a 2005, kuma da ma'aikatan gwamnatin tarayya aka fara. Gudummawar da ke riƙe da katin an ɗaura ta ne a kan albashi. Ranar da sunanku ya fita daga jerin masu karɓar albashi, igiyar da ke riƙe da katin ta tsinke. Sojoji suna da nasu tsari da ke ci gaba da kula da su bayan ritaya, amma ma'aikacin farar hula kada ya ɗauka haka nasa yake. Mu da ke aiki a asibiti mun saba ganin dattijo ya zo da katin da ya shekara goma sha yana amfani da shi, a duba kwamfuta a ce babu sunansa. Sau da yawa ba ranar da ya zo gwajin hawan jini ake gano haka ba, sai ranar da aka kawo shi ranga-ranga.

Abin takaicin shi ne kati yana mutuwa daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Mai shekara talatin zai iya shekara guda bai ga likita ba sai don zazzaɓi. Mai shekara sittin kuwa, hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa da yanar ido da toshewar fitsari ga maza duk a wannan zango suke taruwa. Hawan jini da suga ba a warkewa a daina magani. Kullum ne, har ƙarshen rayuwa. Idan kuɗi suka yanke, abin da mutane ke yi shi ne su raba ƙwaya biyu, ko su sha yau su tsallake gobe, ko su bari sai kai ya yi ciwo. Ƙarshen wannan hanya mun san shi: shanyewar ɓarin jiki, ko ƙoda ta gaza, ko gyambo a ƙafa da ya ƙi warkewa. A ƙasar nan fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun majinyata da danginsu suke fita, kuma aljihun ɗan fansho ba irin na mai albashi ba ne.

Ra'ayina dai shi ne: duk wanda ya rage masa shekara ɗaya ya ajiye aiki, ya nemi sabon shiri ya biya tun albashi yana shigowa. Kada ya ce sai garatuti ya fito. Kun fi ni sanin yadda ake yin wata da watanni ana jiran kuɗin sallama. Ga shi kuma sabon rajista ba ya fara aiki ranar da aka biya. Akwai lokacin jira kafin suna ya isa asibiti. Wanda ya bari sai tsohon kati ya mutu sannan ya fara neman sabo, ya buɗe wa kansa giɓi na watanni, ciwo kuwa ba ya jiran takarda.

To wane shiri za a shiga? A watan Mayu na 2022 aka sa hannu a sabuwar doka da ta maye gurbin NHIS da hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa. A ƙarƙashin hukumar akwai shirin GIFSHIP, wanda aka ƙaddamar a 2020 saboda waɗanda ba sa cikin tsarin ma'aikata: 'yan kasuwa, masu sana'ar hannu, da waɗanda suka yi ritaya. Mutum yana biyan kuɗin shekara, ya zaɓi asibitinsa, ya sabunta idan shekara ta zagayo. Ga wanda ya yi aikin tarayya, wannan shi ya fi kusa da abin da ya saba. Kuɗin shekarar yana canzawa, don haka a ofishin hukumar na jiharku za ku ji farashin yau, ba a bakin maƙwabci da ya biya shekara uku da suka wuce ba.

Sai hukumomin jihohi. Kano tana da KSCHMA, wadda aka kafa da dokar 2016. Kaduna tana da KADCHMA, Jigawa JICHMA, Sakkwato SOCHEMA, haka sauran jihohi kowace da tata. Na san akwai iyayenmu da kalmar inshora kanta take sa su ja da baya. Waɗannan shirye-shirye a kan taimakekeniya aka gina su: kowa ya zuba a asusu ɗaya, a yi wa wanda ya kwanta magani daga ciki. Shekarar da ba ku yi ciwo ba, kuɗinku ba su ɓata ba, wani bawan Allah aka yi wa aiki da su. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malamin da ya yarda da shi, amma ya kai masa bayanin yadda tsarin yake, ba sunan kawai ba.

Akwai kuma kamfanoni masu zaman kansu da ake kira HMO, waɗanda ke sayar da nasu shirin kai tsaye. Wasu suna da kyau, layi ya fi gajarta, ɗaki ya fi tsafta. Sai dai da yawansu suna da iyakar shekaru a shirinsu na gama-gari, na dattawa daban yake kuma ya fi tsada. Suna sa rufi a kan abin da za su kashe wa mutum a shekara, kuma sukan ware ciwon da mutum ya shigo da shi, ko su ce sai bayan wani lokaci za su fara biya. Ga mai hawan jini na shekara goma, wannan sharaɗi kaɗai ya isa ya mayar da katin ado.

Game da asusun BHCPF, wanda dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta tanada, ana yi wa marasa ƙarfi rajista kyauta a cibiyoyin lafiya na matakin farko, har da tsofaffi. Guraben ba su da yawa, kuma an yi su ne don wanda ba shi da komai. Mai fansho kada ya jingina da shi. Amma idan kuna da tsohuwa a ƙauye da ba ta da mai biya mata, ku je cibiyar mazaɓarku ku tambaya.

Yanzu ga inda na fi so ku tsaya ku natsu. Kada ku zaɓi shiri don araha, kuma kada ku zaɓa don abokin aikinku shi ya shiga. Ku zaɓa da ciwon da ke jikinku. Ku kwaso kwalayen magungunan da kuke sha, ku rubuta sunayensu, ku haɗa da gwaje-gwajen da likita ke sa ku yi, ku lissafa abin da suke ci a wata idan da kuɗinku za ku saya, ku ninka sau 12. Da wannan takarda za ku je ofis. Ku tambaye su ɗaya bayan ɗaya: wannan ƙwaya tana cikin jerin magungunanku? Allurar insulin fa? Aikin yanar ido? Aikin furostet? Idan ƙoda ta gaza, wanki nawa za ku biya? Hoton kwakwalwa na CT ko MRI, duka kuke biya ko rabi? Ciwon daji fa? A manyan abubuwan nan na ƙarshe ne shirye-shirye suka fi taƙaita hannu, kuma gara mutum ya ji iyakar da kunnensa yana zaune a kujera da ya ji ta yana kan gado. Ku nemi a ba ku amsar a rubuce.

Ku sani kuma cewa magungunan da inshora ke bayarwa galibi ba masu sunan babban kamfani ba ne. Sinadarin ɗaya ne, kwalin ne daban. Idan kwalin ya canza kada ku jefar, ku nuna wa mai ba da magani ya tabbatar muku. A tsarin ma'aikata kun saba biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Ku tambaya ko sabon shirin ma haka yake.

Tambaya ta biyu ita ce asibiti. Inshora ba ta barin mutum ya shiga duk inda ya ga dama. Akwai asibitin farko da kuka zaɓa, shi ne ƙofarku. Ganin ƙwararren likita, ko tiyata, ko babban gwaji, sai da takardar turawa da lambar izini. Idan likitan zuciya ko na suga da ya san ku a asibitin koyarwa yake, fayil ɗinku na shekaru yana can, to ku tabbatar shirin da za ku shiga yana hulɗa da wannan asibiti, kuma ku san ta wace hanya ake isa gare shi. Haka nan wanda ya yi niyyar komawa garinsu bayan ritaya. Shirin jiha da asibitocin jiharsa yake aiki. Wanda ya yi aiki a Kaduna zai koma Katsina ko Azare, ya yi wannan lissafi tun bai ɗaure kaya ba. Katin da asibitinsa yake nisan awa huɗu a mota ba zai amfane ku da tsakar dare ba.

A matsayina na ungozoma akwai abin da ba zan tsallake ba. Baba, katin nan ba naku ne ku kaɗai ba. A tsarin ma'aikata, rajista tana ɗaukar ma'aikaci da mace ɗaya da 'ya'ya huɗu da ba su kai shekara 18 ba. Sauran sai an biya musu daban. Ranar da naku ya tsaya, nasu ma ya tsaya. A gidajenmu ba abin mamaki ba ne mai shekara sittin yana da amarya da ke tsakiyar haihuwa da yara a firamare. Awo, gwajin jini, hoton ciki, haihuwa, duk sun dawo aljihu. Idan naƙuda ta zo da gardama aka ce sai an yi aiki, ko jini ya ɓalle aka ce a nemo leda biyu, ba a ba mutum mako guda ya je ya sayar da akuya. Don haka idan za ku yi lissafi, ku ƙirga kawunan gidan duka, ku fara da mai ciki da mai ciwon da ba ya jin ɗagawa, kamar mai sikila ko mai asma.

Ku kuma iyayena mata, ko ku ne ma'aikatan ko a katin maigida kuke, ɗaukewar al'ada ba sallama ba ce daga asibiti. Jinin da ya dawo bayan al'ada ta ɗauke shekara guda ba al'ada ba ce, a zo a duba. Ƙullutu a mama, ko da ba ya ciwo, a zo a duba. Sankarar mama da ta bakin mahaifa su ne suka fi kama mata a ƙasar nan, kuma wadda ba ta da kati ita ce ke cewa bari a ga wata mai zuwa. Ku tambayi maigida kai tsaye ko sunanku yana cikin sabon rajistar. Ba rashin kunya ba ne.

Ba zan ce muku inshora ba ta da aibi ba, don a gabanmu kuke yin ƙorafi. Ana bin layi. Ana jiran lambar izini. Wani lokaci a ce maganin ya ƙare, a je waje a saya. Duk gaskiya ne. Amma wanda aka ce ya sayi ƙwaya ɗaya a waje bai yi asarar wanda aka miƙa wa lissafin tiyata da kwanciyar mako biyu ba. Kuma mai kati yana da inda zai kai kuka: akwai teburin inshora a asibiti, akwai ofishin hukuma a jiha. Ku riƙe rasit, ku rubuta rana da sunan maganin da ba a ba ku ba, ku kai. Marar kati ba shi da wanda zai kama.

'Ya'ya masu aika wa iyaye kuɗi duk wata, ku ma ga inda za ku sa hannu. Ku haɗu ku biya wa Baba da Mama kuɗin shekara gaba ɗaya, ɗayanku ya riƙe ranar sabuntawa a wayarsa, domin idan shekara ta cika ba a sabunta ba katin tsayawa yake yi, kuma dattijo ba lallai ya tuna ba.

Kafin ranar ajiye aiki, tunda tsohon katin yana da rai, ku yi amfani da shi. A auna jini da suga, a duba ƙoda, a duba ido, maza a duba furostet, mata a duba mama da bakin mahaifa. Aikin da likita ya daɗe yana cewa a yi kuna ɗagawa, kamar na yanar ido ko ƙaba, ku yi magana da shi a sa rana. Sannan ku je sashen mulki na wurin aikinku ku tambayi takamaiman watan da za a cire sunanku. Ranar da za ku je sabon rajista ku tafi da lambar NIN ta kowane mutum da za a rubuta, da tsohon katin, da takardar nan ta magungunanku.